Kafin a ɗebi ruwan bayan majinyaci, a fara ɗibarsa a kwamfuta

Akwai wani bincike kan ciwon zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa da injiniyoyi da likitocin ƙwaƙwalwa suke yi tare a wasu jami'o'in Amurka da Turai, wanda nake ganin mu nan Kano mun fi waɗanda suka fara shi buƙatarsa. Suna gina surar ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya a cikin kwamfuta, su zuba mata jini na lissafi, sannan su gwada hanyoyin tsiyaye ruwan da ke kewaye da ita, don su ga wacce ta fi fitar da jinin ba tare da ta yi ɓarna ba. Na san da jin haka wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, garin da ake neman kuɗin allura wa zai tsaya wasa da kwamfuta. Ban raina wannan magana ba, zan kuma komo kanta. Amma ra'ayina shi ne Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano su shiga wannan aiki tun yanzu, su yi shi a kan majinyacinmu da irin halin da yake zuwa asibiti a ciki.

Ciwon da ake magana a kai ɗan uwan shanyewar ɓarin jiki ne da muka saba gani, amma hanyarsa daban. Wata jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwa takan yi rauni a wani gurbi, bangonta ya kumbura ya yi ƙululu, mai ita bai sani ba, har ranar da ƙululun zai fashe. Jinin sai ya malala cikin sararin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin da ya lulluɓe ta. Mutum yana cikin sana'arsa, ko yana alwala, sai ya ji ciwon kai ya sare shi lokaci guda, irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Amai ya biyo baya, wuya ya sanƙare, wani ya suma nan take. Ya fi kama masu shekara arba'in zuwa sittin, mata sun fi maza, kuma hawan jini da shan taba suna cikin manyan abubuwan da ke share masa hanya. Wasu ba sa ma kaiwa asibiti.

Abin da ya fi ba ni tausayi a ciwon nan shi ne bugu na biyu. Majinyaci ya tsallake ranar farko, likitoci sun rufe jijiyar da ta fashe, ya farfaɗo yana gane mutane, 'yan uwa sun fara yi wa juna barka. Tsakanin kwana na huɗu da na goma sha huɗu sai ya sake rikicewa, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Dalili kuwa jinin da ya zuba yana nan kwance, ƙwayoyinsa suna fashewa suna sakin abin da ke cikinsu, wannan kuma yana harzuƙa jijiyoyin da ke wurin su tsuke, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jinin da zai ci. Akwai maganin da ake bayarwa don rage wannan, nimodipine, duk bayan awa huɗu har kwana 21. Yana taimakawa, amma bai kawar da matsalar ba. Shi ya sa likitoci suka daɗe suna tunanin a fitar da jinin da wuri tun kafin ya ruɓe a wurin.

Hanyar fitar da shi ita ce ruwan da ya zuba a ciki. Ƙwaƙwalwa da laka a cikin ruwa suke, wani ruwa garai-garai wanda bai wuce mililita 150 ba a jikin babba, amma jiki yana samar da kusan rabin lita sabo a kullum, yana kuma shanye tsohon. Ke nan ruwan yana sabuntuwa sau uku ko huɗu a yini. Duk wanda ya taɓa ganin yasar rijiya ya gane dabarar: ka kwashe gurɓataccen ruwa, idon rijiyar ya kawo mai tsabta. Likita zai sa siririyar roba a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwa mai jini yana ɗiga cikin jaka a hankali, ƙwaƙwalwa tana mayar da sabo. Shiga wannan wuri da allura ba sabon abu ba ne, likitan nan ɗan Jamus Heinrich Quincke ya bayyana yadda ake yi tun 1891.

An gwada dabarar a kan mutane, sakamakon kuma bai zo iri ɗaya ba. A garin Leeds na Ingila an yi gwaji da majinyata 210, aka wallafa shi a 2012. Waɗanda aka sa wa robar sun fi samun sauƙi a kwanakin farko, amma bayan wata shida ba a ga wani bambanci tsakaninsu da sauran ba. Sai a 2023 aka wallafa wani gwajin mai suna EARLYDRAIN, wanda aka yi a asibitoci 19 na Jamus da Suwizalan da Kanada, aka duba majinyata 287. A nan an sa robar cikin awa 72 da fashewar jijiyar, bayan an riga an rufe ta, ana tsiyaye mililita 5 a kowace awa, wato cikin cokalin shayi guda. Bayan wata shida, kashi 32.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa haka ne suka rasu ko suka nakasa har suke buƙatar mai kula da su. A ɗaya rukunin kuwa kashi 44.8 ne. Cokali guda a awa, da roba da jaka, ya raba mutum goma sha biyu cikin ɗari da wannan makoma. A fannin da kusan komai nasa sai an kashe miliyoyi, wannan abu ne da ya kamata ya sa likitocin ƙasashe irin namu su tashi zaune.

To amma tambayoyi sun rage. Me ya sa mililita 5, ba 3 ko 10 ba? Majinyaci ya kwanta miƙe ne ko a ɗaga kan gadonsa? Kwana nawa za a bar robar? In jinin ya taru a ɓangare guda, ɗibar ruwa daga ƙasa tana isa wurin kuwa? Ba za ka raba marasa lafiya masu rai rukuni ashirin kana canza musu adadi don ka gani ba. Ba su da yawa, rayuwarsu tana kan siraɗi, kuma babu kwamitin ɗa'a da zai yarda.

Nan kwamfuta take shigowa. Ana ɗaukar hoton MRI na kai da gadon baya, a zana sararin da ruwan yake bi, a yayyanka shi zuwa ƙananan gurabe masu ɗimbin yawa. A kowane gurbi kwamfuta tana warware lissafin tafiyar ruwa, shi dai lissafin da injiniya yake amfani da shi wajen bututun ruwan sha ko fukafukin jirgi. Ana sanar da ita cewa wannan ruwa ba ya gudu ta hanya ɗaya, kai da komo yake yi da kowane bugun zuciya da kowane numfashi, yana karo da saiwoyin jijiyoyi da zare-zaren da ke cikin sararin, wannan karo kuma shi yake gauraya shi. Sai a zuba jini a gindin ƙwaƙwalwa, a buɗe robar, a zuba ido. A Jami'ar Illinois da ke Chicago, tawagar Farfesa Andreas Linninger ta yi irin wannan aiki ta wallafa a 2016. Ba su tsaya a kwamfuta kaɗai ba, sun ƙera surar ta zahiri a kan tebur, suka zuba mata jinin dabba, suka kwatanta abin da ido ya gani da abin da lissafi ya faɗa. Sun gano cewa yadda aka ajiye jikin majinyaci da yawan ruwan da ake ɗiba su ne suka fi tasiri, kuma ɗago jiki yana taimaka wa jinin ya gangaro ya bar kai. A Jami'ar Idaho ma, a 2020, an yi amfani da wannan hanya aka kwatanta roba ta yau da kullum da wata sabuwar na'ura mai tace ruwan ta mayar da shi jiki.

Yanzu ga maganar ana ta kai. Gaskiya ne, in aka ba ni kuɗi aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da zai rage zubar jini a ƙwaƙwalwa a Kano, na'urar awon jini zan saya wa kowane ƙaramin asibiti da kowane kemis, in sa a rage farashin maganin hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, wanda Asibitin Malam yana cikin cibiyoyinsa, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki a yankinmu zubar jini ce ta jawo musu, adadin da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba, kuma hawan jini ne kan gaba da tazara mai yawa. Duk wanda ya ce a fara da rigakafi ya faɗi daidai.

Sai dai ba daga aljihu ɗaya kuɗin biyu suke fitowa ba. Aikin kwamfuta ba ya cin gadon asibiti ko ɗaya, ba ya cin allura. Yana cin lokacin ɗalibin digiri na biyu ko na uku, da kwamfutoci masu ƙarfi 'yan kaɗan, da wutar sola da za ta riƙe su. Manhajojin ma akwai na kyauta, 3D Slicer don zana surar daga hoto, OpenFOAM don lissafin ruwa. Duk shekara ɗalibanmu na injiniyanci da lissafi da ilmin kwamfuta, a Bayero da Wudil, suna neman abin da za su yi bincike a kai, da yawa kuma sukan ƙare da maimaita aikin da aka yi a wani wuri, a ɗaure shi a ajiye a kanta. Tsakanin sabon mazaunin Bayero da ke hanyar Gwarzo da asibitin koyarwa da ke titin Zariya tafiyar mota ɗaya ce, jami'a ɗaya ce kuma take horar da mutanen ɓangarorin biyu.

Babban dalilina ma ya wuce araha. Majinyacin da aka yi lissafin Chicago dominsa, da wanda aka yi gwajin Jamus da shi, ba namu ba ne. Nasu ya isa asibiti ranar da abin ya same shi, an yi masa hoto cikin awa, an rufe jijiyar, yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman da na'urar da ke auna matsin cikin kansa. Namu kuwa ya fara da fanadol daga kemis. Da wuya ya sanƙare aka ce sanƙarau ne ko taifod. Wani an kai shi ruƙiya, wani an yi masa ƙaho. In daga Rano ko Gaya ko Ɗambatta yake, sai an haɗa kuɗin mota, in an iso sai an haɗa kuɗin hoto. Ba zargin kowa nake yi ba, uban gida yana yin iya abin da ya sani da abin da yake hannunsa. Amma sakamakon shi ne majinyaci yakan iso a kwana na huɗu ko na biyar, daidai lokacin da bugu na biyu yake farawa, awa 72 ɗin nan ta riga ta wuce. Shin ɗibar ruwa tana da sauran amfani a wannan lokaci, bayan jinin ya fara daskarewa ya manne? In tana da shi, da wane adadi? A ɗakin da nas ɗaya take kula da gadaje da yawa, ba za ta iya zuwa duk awa ta buɗe ta rufe ba, me zai faru in aka ɗebi mililita 20 duk awa huɗu maimakon 5 duk awa? In babu gado mai ɗagawa sai filo, wace kusurwa ce ta wadatar? Babu wanda zai yi mana waɗannan tambayoyi a Idaho, don ba su dame shi ba. Mu suka dama, kuma tambayoyi ne da ya fi dacewa a fara yi wa kwamfuta kafin a je kusa da bayan mutum.

Akwai iyaka, kuma ina so in faɗe ta da ƙarfi, don na ga yadda muke saurin sallama wa duk abin da aka ce kwamfuta ce ta faɗa. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. In akwai gudan jini babba a ciki, ko hanyar ruwa ta toshe daga sama, ɗibar ruwa daga ƙasa tana iya jawo ƙwaƙwalwa ta zamo ta danne wurin da ke riƙe da numfashi, mutum ya tafi cikin mintuna. Saboda haka ba a sa robar nan sai an yi hoton CT likita ya duba. In kuma ba a rufe jijiyar da ta fashe ba, rage matsin ruwa yana iya sa ta sake fashewa, wannan kuwa shi ne halin da majinyatanmu da yawa suke ciki, tunda aikin rufe jijiya ba kowane asibiti yake yi ba kuma kuɗinsa ba na kowa ba ne. Roba kanta ƙofa ce da ƙwayoyin cuta za su iya bi su haifar da sanƙarau. Sannan lissafin tafiyar ruwa yana faɗin inda jini ya nufa ne kawai, bai san ko majinyaci zai tashi ya koma kasuwa ba. Wannan sai gwaji a kan mutane, da izininsu, ƙarƙashin kwamitin ɗa'a. Su kansu Amurkawa ba su bar abin sakaka ba: ƙungiyar injiniyoyinsu ta fitar da ƙa'ida a 2018 kan yadda ake tantance ingancin irin wannan lissafi, hukumarsu ta abinci da magunguna kuma ta fitar da nata jagoran a 2023. Jigon duka biyun shi ne gwargwadon haɗarin hukuncin da za a yanke da lissafin, gwargwadon hujjar da za a nema kafin a yarda da shi. Aikin kwamfuta shi ne ta watsar da hanyoyi goma sha takwas marasa kan gado, ta bar biyu da suka cancanci a gwada.

Sai batun yarda, wanda a Kano ya fi ko'ina nauyi. Duk ma'aikacin asibiti ya san abin da ke faruwa in aka ce wa iyali za a ɗebi ruwan baya. Fuska takan canza, wani ya ce shi ne yake kashe mutum ko ya gurgunta shi, wani ya ɗauke majinyacinsa ya tafi gida. Tsoron yana da tushe. Sau da yawa sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kai shi, a ɗebi ruwan, ya rasu da ciwonsa, 'yan uwa su ɗora wa allura. Ga kuma tarihi. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko iyaye sun san abin da ake yi har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon wannan yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003. Mutanen da aka yi wa haka ba za ka ce musu jahilai ba don sun tambaye ka me za ka yi da ruwan ɗansu.

Ina ganin aikin kwamfuta zai yi amfani a nan ma. Likita zai iya juya allo ya nuna wa miji ko ɗa hoto mai motsi: ga jinin, ga inda ya kwanta, ga inda laka ta tsaya, ga inda robar za ta shiga ƙasa da ita, ga yadda ruwan yake washewa. Ya faɗi haɗarin da bakinsa, da Hausa, kafin a sa hannu. Kuma mun ga cewa Kanawa suna ba bincike haɗin kai in an mutunta su. Aikin rigakafin shanyewar jiki ga yara masu sikila, wanda likitocin Asibitin Malam da Asibitin Murtala suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt, iyaye ne suka riƙa kawo 'ya'yansu ana auna gudun jini a jijiyoyin kansu ana ba su maganin hydroxyurea, har sakamakon ya fita a manyan mujallun duniya. Na'urar da ake yin wancan awo da ita, ta Doppler, ita ce ake amfani da ita wajen gano tsukewar jijiya bayan zubar jini. Ke nan akwai hannayen da suka riga suka san aikin a garin nan.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da sashen hoto na asibitin koyarwa su zauna da tsangayar injiniyanci da ta kwamfuta, su rubuta buƙata guda zuwa asusun bincike na TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu. A fara adana hotunan CT da MRI na masu wannan ciwo a wuri ɗaya, da amincewar masu su, a cire sunaye kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. A ɗauki ɗalibai biyu ko uku, a haɗa kowanne da likita, su riƙa shiga zagayen ɗakin majinyata don su san abin da suke lissafawa mutum ne. Su fara da sake gina aikin Chicago, in sakamakonsu ya yi daidai da wanda aka wallafa, sannan su canza sharuɗɗan zuwa namu. Gwamnatin jiha kuma nata kason shi ne hoton CT na gaggawa ya shiga cikin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya yake biya nan take, tunda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta riga ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa, kuma ba tare da hoton ba babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da zai yiwu.

Akwai ma abin da za a iya farawa gobe ba tare da an jira TETFund ba. A kowane asibiti da ke karɓar gaggawa a birnin nan a riƙa rubuta abu uku game da duk wanda ya zo da ciwon kai na farat ɗaya: yaushe ya fara, yaushe ya iso, yaushe aka yi masa hoto. Lambar farko da ɗalibin zai shigar wa kwamfuta ita ce yawan kwanakin da jinin ya yi a kwance kafin a taɓa shi, kuma daga wannan littafi za ta fito.